Hannun Rabi da Famfon Horo Birni

Asabar ɗin da ta wuce kun zo mini ku huɗu da takardarku mai launi, kun ce kuna so ku karɓi aikin kula da sababbin 'yan matan da suka shigo sashen kwamfuta da na injiniya bana. Na karanta ta tsaf. Za ku buɗe musu zaure a waya, ku riƙa tura kalaman ƙarfafa gwiwa kowace safiya, ƙarshen zango kuma ku kama ɗakin taro, ku gayyato wata babbar mace ta yi jawabi, a raba lemo. Maryam har da dafa mini kafaɗa, wai in huta haka nan, abin ai ba wuya. Allah ya yi muku albarka, hutun ina so. Amma kafin in miƙa muku makullin shagon nan, ku gyara zama ku ji yadda aikin yake, don na duba takardar taku ciki da baya ban ga inda yatsa zai ƙone ba.

Aikina na farko rediyon wani makiyayi ne daga wajen Kajiji. Lokacin ina da shekara goma sha biyu, ina kai wa Kawu Bello abinci shagonsa na gyaran rediyo kusa da tashar Bodinga. Ƙanen mahaifiyata ne, idonsa ya fara rauni, don haka in na kai abincin sai ya tsayar da ni in karanta masa launin zanen da ke jikin ƙananan kayan rediyo. Makiyayin ya rantse rediyon haka kawai ya yi shiru. Kawu bai ɗauki sukundireba ba. Ya miƙo mini ya ce in sansana. Na sansana na ce tsami nake ji. Ya sake tambayar mutumin, ya sake tambaya, sai a ta uku ya tuna ashe ƙwaryar nono ta taɓa tuntsurewa a kai. Kawu ya ce mini in riƙe wannan: hanci da ido su ne kayan aiki na farko, kuma mai kaya ba ya faɗin abin da ya faru sai an yi haƙuri da shi.

Daga nan ya ba ni ayan, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi. Namu ba na lantarki ba ne, a garwashi ake gasa shi. A cikin gida nake aikin, bakin murhun Inna. Wata uku cur yana ba ni mataccen allon rediyo guda ɗaya, in cire duk abin da ke jiki, in mayar, ya duba ya ce ɗigon dalmata kamar kashin akuya, in sake. Masu kawo gyara da yawa sun tafi suna yabon hannun Kawu, ba su san hannun wa suke yabo ba, shi kuma bai taɓa gyara musu zance ba, sai dai ya dawo gida ya kwaikwayi muryarsu mu yi dariya. Shi ne ya tsaya na yi sakandare, na yi difloma a fannin lantarki, har na samu aiki a jami'a.

Ku sani ni ba lakcara ba ce. Ni ce mai makullin ɗakin gwaji. Malami ya yi bayani a allo ya tafi, ni ake bar wa ɗalibai da wayoyi da hayaƙi. Sama da shekara ashirin ina wannan, kullum in hau bas daga Bodinga da safe in dawo da la'asar. Abin da na gani a ɗakin nan shekara da shekaru shi ne wannan. Za a raba ɗalibai shida-shida, a kowane rukuni mace ɗaya, wani rukunin ma babu. Kafin in gama raba kayan aiki, namiji ɗaya ya riƙe ayan, ɗaya ya riƙe mita, ɗaya ya zauna gaban kwamfuta. Ita kuma a miƙa mata littafi da biro, a ce ai rubutunta ya fi kyau. Ba da mugunta ba, har godiya take yi. Haka za ta yi shekara huɗu ko biyar tana rubutu mai kyau. Na ga waɗanda suka fita da sakamako mai daraja, in kika ba su fiyus biyu ba za su gaya miki wanne ya ƙone ba.

Wata rana abin ya ishe ni, na ƙwace littafi daga hannun wata siririyar yarinya 'yar aji ɗaya, na miƙa mata ayan. Sunanta Rabi, daga Horo Birni. Malaman lissafi duk sun san ta, don babu mai kama ƙafarta. Ta karɓi ayan ta riƙe shi ta wajen bakin, kamar alƙalami. Allah ya taimake ni ban jona shi ba tukuna. Ɗakin ya ɗauki dariya, wani har da buga tebur. Rabi ta ajiye shi a hankali, ta ɗauki littafinta. Mako biyu ba ta sake shigowa ɗakin gwaji ba. Laifina ne, ba na yaran ba. Ni Kawu a bayan gida ya bar ni na yi shirmena wata uku, babu mai kallo sai kaji, amma na tashi na tsayar da 'yar mutane gaban maza arba'in.

Wannan ne asalin zaman Asabar ɗin da kuka tarar. Ina da wannan shago a gaban gida tun tuni, ina gyara a ciki ƙarshen mako. Na je ɗakin kwanan mata na nemo Rabi, na ce mata aiki ya yi mini yawa a Bodinga, ina neman mai riƙe mini tocila. Ta ce ita ba ta iya komai ba. Na ce tocila dai. Ta zo, amma ba ita kaɗai ba, ta taho da wata ƙawarta Saratu, 'yar sashen kwamfuta daga garin Shagari, wadda tun daga bakin ƙofa ta fara gaya mini shagona yana bukatar fenti. Cikin wata biyu sun zama su bakwai.

Na fara su da akwatin can da kuke ɗora jakunkuna a kai. Matattun alluna ne a ciki, na rediyo, na talabijin, na kwamfuta. Abin da ya riga ya mutu ba a tsoron kashe shi. Kowace na ba ta sukundireba da filaya, mita kuma ɗaya ga mutum biyu. Dokata biyu ce. Ta farko, ba a shigo da littafi. Ta biyu, kowace ta zo da tambaya guda wadda take jin kunyar yi a aji. Tambayar Rabi ta farko, bayan ta yi ta murza gefen hijabi, ita ce yaya ake kashe kwamfuta. A makarantarsu ta sakandare kwamfuta ɗaya ce, a ofishin shugaba, an rufe ta da ƙyalle kamar amarya. Ita kuma a jami'a ana koya musu rubuta manhaja, tana cin jarrabawar a takarda, amma in ta zauna gaban injin sai ta jira wani ya zo ya kunna. Saratu ba ta yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta jawo ta gaban tsohuwar kwamfutata ta ce ta kunna ta kashe sau goma. Daga ranar suka yi musaya, Saratu na koya mata injin, ita tana koya wa Saratu lissafi. Ban tsara haka ba, gani na yi yana aiki, sai na mai da shi doka ta uku: wadda ta iya abu ranar Asabar, Asabar mai zuwa ita ce malamarsa.

Akwai wani malamin makarantar allo a nan unguwar da ya kawo laftof ɗin da ɗansa ya aiko masa, cike da karatun alarammomi. In ya kunna, minti biyar sai ta mutu. Ya ce shi dai yana zargin ido ne. Na ba Rabi. Ta kwance sukurori goma sha huɗu ta jera su a faranti yadda ta cire su, ta ɗaga murfin, sai ga tururuwa sun yi gari guda a bakin fanka, har da ƙwai. Ashe Malam a kanta yake ajiye ledar dabino. Ta share da buroshi, ta hura, ta mayar, sukuru ɗaya bai yi saura ba. Malam ya daɗe yana sa mata albarka, ya tafi yana cewa dabinon ba shi da laifi.

Ba duka masu kaya ke da sauƙi haka ba. Wani mai shagon buga takardu ya kawo firinta, ya ga Saratu ta nufo ta da sukundireba, ya rungume abarsa.

“Gwaggo, ke nika so ki taɓa ta, ba ɗiyan makaranta ba.”

Na ce masa yau idona ba ya gani sosai, in yana so ya kai Sakkwato. Ya tsaya yana huci a kan Saratu har ta zaro ƙaramar ƙusar takarda daga cikin abin da ke jan fefa. Bayan wata ɗaya ya dawo da wata matsalar, ya tarar da ni zaune, ya leƙa bayana ya ce ina yarinyar nan mai surutu.

Kada ku ɗauka taron jawabin nan ku kuka fara tunaninsa. Ni ma na yi. Na gayyato wata injiniya babba, mace mai kirki, ta zo da mota mai sanyi ta yi magana mai daɗi awa ɗaya. 'Yan mata suka tafa, aka ɗauki hoto. Ranar Litinin na shiga ɗakin gwaji na tarar da duk waɗanda suka tafa riƙe da littafi da biro, in ban da bakwai ɗin nan nawa. Su kam na ga Rabi ta sa hannu ta ɗauke mita daga gaban wani ƙato ta kama awo. Ba na hana ku taro. Lemo yana da daɗi.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da aka yi dogon yajin aiki. Suna aji uku lokacin. Aka rufe jami'a tun rani, kowa ya kama hanyar garinsu da zaton mako biyu ne. Waɗanda ke kusa sun ci gaba da zuwa Asabar na ɗan lokaci. Da damina ta faɗi, wata ranar Laraba da rana tsawa ta sauka a layinmu, ta ƙone mini inbata mai ba shagon wuta, da kwamfuta uku da muke koyo da su. Shago ya koma duhu da ƙauri. Na ce wa yaran su dakata sai na gyara, gyaran kuma ya ja, don kayan sai an aiko daga nesa. Wata ya bi wata. Na riƙa gaya wa kaina ai da an buɗe makaranta kowa zai dawo.

Wata mata mai kawo man shanu kasuwar Bodinga daga Horo Birni ce ta tsayar da ni. Ta ce ba ni ce malamar Rabi ba. Na ce ni ce. Ta ce to, Rabi dai ta ce ta gama boko, har ta raba littattafanta. Na kira wayarta ba ta shiga. Washegari na hau bas zuwa Shagari, daga can na hau kabu-kabu. An yi ruwa daren jiya, hanyar ta zama kunu. Sau biyu ina sauka ina tafiya da ƙafa mai babur yana turawa, ga ni da jiki kamar yadda kuke gani.

Na tafi da shirin yin faɗa da uba, na jera maganganuna tun a mota. Mahaifin nata, Malam Umaru, manomi ne mai 'yan shanu. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na fara jawabina. Ya saurare ni har na kai aya.

“Malama, ni ban hana ta ba,” in ji shi. “Bijimi biyu nis sayar don karatun ga. Ita tac ce ba ta komawa. Ki tambaye ta, ni ta ƙi gaya min.”

Duk maganganun da na ɗauko suka zama ba su da wurin sauka. Na shiga cikin gida na sami Rabi tana tankaɗe. Ta ce ba komai. Na zauna na karɓi rariya ina taya ta. Ta ce karatun ne ya fita ranta. Na ci gaba da tankaɗe. Sai can labarin ya fito.

Garin yana da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama. Wata biyu ke nan famfon ya tsaya. Wanda ya haɗa ya yi ta alkawarin zuwa daga birni bai zo ba. Mata suka koma ɗiban ruwan tafki, inda shanu ke sha, yara suka fara ciwon ciki, har an kai biyu asibitin Shagari. Sai wani ya ce ai ga 'yar Malam Umaru tana karatun injiniya. Mai gari ya aiko aka kira ta. Ta je ta buɗe akwatin da ke sarrafa famfon, maza suka yi mata zobe har numfashinsu na taɓa wuyanta, kowa na faɗin abin da ya kamata ta taɓa. Ta rikice, sukundireba ta suɓuce mata ta faɗi. Ta rufe akwatin ta ce ba a koya musu wannan ba tukuna. Tun daga ranar in ta fita, yara na bin ta suna kiran injiniya a kawo ruwa. Ta ce mini shekara uku an sayar da shanu, ga abin da ta iya.

Na sa ta raka ni wajen famfon da yamma. Na buɗe akwatin, na ga wata jar fitila tana ƙyaftawa. A raina na gama yanke hukunci, tsawa ce, irin wadda ta cinye mini inbata. Da na so, da na kwance akwatin na tafi da shi Bodinga na dawo da shi a gyare, gari ya sha ruwa, a yi mini godiya. Amma da an yi haka Rabi ta tafi ke nan. Ba ƙaramin abu ba ne ki bar mutane su ƙara kwana uku suna shan tafki saboda yarinya ɗaya, kuma har yau ban ce na yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Na dai roƙi matan gidan su riƙa tafasawa, na ce wa mai gari ranar Asabar za mu dawo da ma'aikata.

Ma'aikatan da suka sauka daga kan babura ranar Asabar 'yan mata huɗu ne, da laka har gwiwa. Na bi su ɗaya-ɗaya a waya, wadda wayarta ba ta shiga na aika direban bas gidansu. Saratu ce a gaba, tana yi wa mai babur faɗa kan tuƙinsa. Mai gari ya dube su, ya dube ni. Na durƙusa na ce, ranka shi daɗe, alfarma ɗaya muke nema, a sa maza su koma inuwar bedi can, aikin lantarki ba ya son taro. Ƙarya ce, amma ta yi amfani. Gari guda ya koma gindin bishiya ya zuba mana ido daga nesa.

Na raba aiki. Biyu suka auna wutar da ke saukowa daga faifan sola, suka tarar lafiya lau. Rabi ta auna wayoyin da suka nutsa rijiya zuwa famfo, su ma babu wanda ya yanke ko ya ƙone. Na ce to shi ke nan, abin da na zata ne, ƙwaƙwalwar akwatin ta ƙone, a kwance shi mu tafi da shi. Har an fara sassauta sukuru, sai na ji muryar Rabi a bayana kamar ta sauro.

“Gwaggo, ba ƙyaftawa kawai takai ba. Uku takai ta tsaya, ta sake uku. Abin da yaƙ ƙone ba shi ƙidaya.”

Na juya na dube ta. Na dubi fitilar. Uku, shiru, uku, shiru. Shekara talatin ina wannan aiki, na zo na tsaya gaban fitila ban ƙirga ba, don na riga na san amsa tun daga gida. Saratu ta ce ita tun a Shagari, inda akwai sabis ɗin waya, ta sauke littafin wannan akwati a wayarta, ba wanda ya tambaye ta ne. Ta duba ta ce ƙyaftawa uku ma'anarta tanki ya cika. Muka ɗaga kai gaba ɗaya muka dubi tankin da ƙadangaru ke shan rana a bakinsa.

Rabi ce ta warware sauran. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mai yawo a kan ruwa, in ruwa ya cika sai ya haɗa siraran wayoyi biyu, akwatin ya tsayar da famfo. Ta ce in wayoyin nan sun haɗe a wani wuri a hanya, akwatin zai ɗauka tanki a cike yake har abada. Ta nemo inda suka shiga akwatin, ta sa sukundireba. Muna kallo, babu wadda ta miƙa hannu ta taya ta. Ta zare waya ɗaya. Fitilar ta koma koriya. Muka ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu, bututu ya yi tari sau biyu, sai ƙarar ruwa yana faɗawa cikin busasshen tanki. Mutanen gindin bishiya suka manta da umarnin mai gari.

Aiki bai ƙare ba. Ta bi wayar daga akwati zuwa ƙafar tanki, ta tarar da inda ɓera ya gaigaye robar dab da ƙasa, damina ta zo ta manne su da tsatsa. Babu lantarkin da za a jona ayan, sai aka ɗebo garwashi daga murhun mahaifiyarta a kasko, na ciro tsohon ayan na gashi daga jakata. Ta yanke wurin da ya lalace, ta haɗa, ta ɗiga dalma, ta naɗe, ta zura wayar cikin guntun tiyo don kada ɓeran ya dawo cin na biyu. Wannan karon maza sun yi zoben, har sun fi na farko matsowa, ba ta ma san suna nan ba.

Malam Umaru ya karɓi guntun wayar da aka yanke, ya juya ta a tafin hannu. Ya ce wagga 'yar aba ce ta hana su ruwa wata biyu. Sannan ya dube ni ya ce ya ji an ce da farko ni cewa na yi a kwance akwatin. Na ce haka ne. Ya ce to, Allah shi ƙara wa Malama ilimi. Da za mu tafi na gan shi yana bi gida-gida yana karɓo littattafan da ta rabar.

Da aka buɗe jami'a Rabi ta dawo. Ta gama, ta yi hidimar ƙasa, yanzu ita ke haɗa sola da famfuna daga Shagari har ƙauyukan da ban san sunansu ba, da 'yan mata biyu a ƙarƙashinta. Faifan da ke kan rufin shagon nan ita ta hau ta ɗaura, tana yi mini faɗa kan yadda na ja wayoyina.

Na ga kuna murmushi, kun ɗauka nan labarin ya ƙare. Cikin bakwai ɗin, shida ne suka dawo. Saratu ba ta dawo ba. Gidansu a bakin kwalta yake cikin garin Shagari, sau huɗu ina wucewa ta ƙofarsa a zirga-zirgar Horo Birni, ban taɓa cewa direba ya tsaya ba. Me zan je yi? Ita ce mai baki, ita ce mai ba kowa dariya, ita ke kiran sauran a waya. Ashe tun kafin yajin aiki ta faɗi darasin lissafi biyu, an ce sai ta maimaita shekara, ba ta gaya wa kowa ba, har Rabi da ke koya mata. Da zama ya yi tsawo ta kama aiki a wani shagon waya. Lokacin da na lura babu ita a ɗakin gwaji, na je, an riga an rufe rajista, kuma ta ce ita ta saba da shagon. Yau tana da nata, tana da rufin asiri, in na je har lemo take saya mini tana tsokanata. Amma yarinyar da na gani tana karanta littafin injin da ba ta taɓa gani ba, a tsaye cikin laka, ba a shagon sayar da caja ya kamata ta tsaya ba. Na je wa mai shiru, na bar mai surutu.

To, ga aikinku na farko, tunda kun ce ba wuya. Cikin sababbin nan akwai Zainabu 'yar Kajiji, wadda ke amsa kowace tambaya kafin a gama yi. Asabar biyu ke nan ba ta zo ba. Na san kun tura mata saƙo, na san ta amsa da lafiya lau har da hoton dariya. Gobe Lahadi, bas ɗin farko yana tashi daga tasha da hantsi, daga inda ya tsaya kuma sai babur. Ku zaɓi biyu a cikinku. An yi ruwa shekaranjiya ta wajen can, don haka Maryam, in ke ce za ki, wannan farin takalmin ki bar shi a nan.